Mujallar Waƙa da Ubangidanta: Abin da Ya Faru a Ibadan

A watan Satumba na 1957 wata ƙaramar mujalla ta fito a Ibadan mai suna Black Orpheus. Wanda ya kafa ta Bajamushe ne, Ulli Beier, wanda ya zo Nijeriya tun 1950, yana koyarwa a sashen karatun manya na Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Shekara guda kafin nan ya halarci babban taron marubuta baƙar fata da mujallar Présence Africaine ta shirya a Faris, ya dawo da ƙudurin cewa marubutan ƙasashen da Ingila ke mulka su ma su sami nasu dandalin. Da ya zauna haɗa fitowar farko sai ya tarar ba shi da isasshen rubutu daga 'yan gida. Ya cike gurbin da fassarar waƙoƙin da aka rubuta da Faransanci, da waƙoƙin baka na Yarbawa, sannan shi da kansa ya riƙa rubuta sharhi da sunayen aro, irin su Sangodare Akanji. Mai karatu zai ɗauka taron jama'a ne ke rubutun, alhali kaso mai tsoka na mutum ɗaya ne.

Wannan matsalar ba ta daɗe ba. Cikin 'yan shekaru mujallar ta cika da sunayen da yau ake karantawa a makarantu: Gabriel Okara, J. P. Clark, Christopher Okigbo, Wole Soyinka. Ƙarancin rubutu ciwo ne na yarinta, kowace mujallar waƙa tana warkewa daga gare shi, har ta koma kukan rubutu ya yi mata yawa. Ciwon da ba ta warkewa shi ne na kuɗi, domin masu rubuta waƙa sun fi masu sayenta yawa nesa ba kusa ba. Mutum ɗari za su aiko maka da baitocinsu, da wuya goma daga cikinsu su taɓa cire kuɗi su sayi fitowar da ba ta ɗauke da sunansu.

To wa ya biya kuɗin buga Black Orpheus? Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Yamma, ta hannun sashenta na wallafa. Wato mujallar da ake ambato a matsayin uwar ƙananan mujallun adabi masu zaman kansu a Afirka ta Yamma, a cinyar gwamnati aka haife ta. Ban faɗi haka don in rage mata daraja ba. Na faɗa ne don kalmar nan "mai zaman kanta" tana ruɗar mutane. Bahaushe ya san makaɗin fada, ya san makaɗin jama'a. Ƙaramar mujallar waƙa kullum burinta ta zama makaɗin jama'a, ta faɗi abin da take so a inda take so, amma cikinta irin na makaɗin fada ne: sai da ubangida take ƙoshi. Abin da ya bambanta mujalla da mujalla shi ne wane ne ubangidan, mutum nawa ne, kuma me yake nema a madadin abin da ya bayar.

Kafin a shiga batun iyayen gida, ya kamata a ga dalilin da ya sa ciniki kaɗai ba ya riƙe wannan sana'a, don mutane da yawa suna ɗauka sakaci ne ko rashin iya kasuwanci.

Injin buga littafi na gargajiya ba ya son ƙaramin aiki. Kuɗin tsara shafuka, da haɗa farantan da ake ɗora wa injin, da daidaita tawada, duk ɗaya ne ko kwafi ɗari za ka buga ko dubu biyar. Mai buga littafin firamare yana raba wannan kuɗi a kan dubban kwafi, sai ya zama ɗan kaɗan a kan kowane. Mai mujallar waƙa kuwa a kan kwafi ɗari uku ko ɗari biyar zai raba shi. Idan ya ce bari ya buga da yawa don farashin kowane kwafi ya sauka, sai ya wayi gari da kwalaye jibge a ƙarƙashin gado, gara tana yi musu hidima. Ga kuma wani ƙa'idin da ba ruwansa da fasaha: babbar takarda ɗaya ninke ta ake yi ta ba da shafi takwas ko goma sha shida, saboda haka yawan shafukan mujalla ba edita kaɗai ke yanke shi ba. Sau da yawa waƙa takan shiga ko ta fita ba don kyanta ko muninta ba, sai don shafi uku sun rage fanko, ko shafi biyu sun yi rara.

Takardar ma kanta, a Nijeriya, yawanci daga waje ake shigo da ita. Manyan masana'antun takarda da aka kafa a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin ba su ɗore sun riƙe kasuwar takardar littafi ba, don haka duk lokacin da dala ta motsa, farashin buga diwanin waƙa ya motsa tare da ita.

In an buga, sai a zo ga rabawa, kuma a nan ne yawancin masu ƙaramar maɗaba'a ke karaya. Mai kantin littattafai ba ya saye, ajiya yake karɓa. Zai cire kasonsa, wanda kan kai sulusin farashi ko fiye, in akwai dillali a tsakani abin ya doshi rabi, kuma ba zai ba ka ko kwabo ba sai an sayar. Abin da bai shiga ba zai dawo maka da shi bayan watanni, rana ta cinye bangon. Kai kuwa mai injin ya riga ya karɓi nasa tun kafin ya kunna wuta. Kada a ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. A Amurka akwai wata cibiya mai suna Small Press Distribution da ta shafe shekara 55, tun 1969, tana raba littattafan ɗaruruwan ƙananan maɗaba'u, galibi na waƙa. A watan Maris na 2024 ta rufe ba zato ba tsammani, masu maɗaba'u suka shiga faɗi-tashin neman kuɗaɗensu da littattafansu da ke jibge a rumbunan ajiya.

Mu koma Ibadan. A 1961 Beier da Soyinka da Clark da Ezekiel Mphahlele, ɗan Afirka ta Kudu mai gudun hijira, da wasu masu zane suka buɗe kulob ɗin Mbari a kusa da kasuwar Dugbe. Chinua Achebe ne ya ba da sunan, daga wata al'adar Ibo ta gina ɗakin zane-zane. Wurin ya haɗa ɗakin karatu, da zauren nuna zane, da filin wasan kwaikwayo, sannan ya buɗe sashen wallafa. Abin da wannan ɗan sashe ya fitar cikin shekara huɗu ko biyar abin mamaki ne: diwanin Okigbo na farko a 1962, na Clark a shekarar, na Dennis Brutus a 1963 yana cikin ƙuntatawar gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, na Kofi Awoonor na Gana da na Lenrie Peters na Gambiya a 1964. Manyan kamfanonin Landan a lokacin ba su ga riba a waƙar ɗan Afirka ba. Mbari ce ta ɗauki kasadar.

Da kuɗin wa? Kaso mai yawa ya fito ne daga wata ƙungiya mai hedkwata a Faris, Congress for Cultural Freedom, wadda Mphahlele ya koma ya riƙe mata sashen Afirka. Ita ce kuma ta ɗauki nauyin taron marubutan Afirka da aka yi a Makerere ta Uganda a 1962, tana kuma tallafa wa Black Orpheus kanta, da mujallar Transition ta Kamfala da Hiwar ta Bairut. A 1966 da 1967 jaridun Amurka suka tona cewa kuɗin ƙungiyar daga hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, yake zuwa, ana biyo da shi ta wasu gidauniyoyi na je-ka-na-yi-ka. Manufar ita ce a janye masana da marubutan duniya daga ɓangaren Tarayyar Sobiyat a yaƙin cacar baka.

An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tambayar da aka shafe shekaru ana gardama a kanta ita ce ko Mbari ta yi askin. Idan aka duba abin da ta buga, da wuya a nuna inda aska ta taɓa. Mbari ce ta fara buga ƙagaggen labarin Alex La Guma a 1962, mutumin da ɗan jam'iyyar Kwaminis ne a fili, gwamnatin Afirka ta Kudu ta hana shi fita daga gidansa. Kuɗin da aka ware don yaƙar Kwaminisanci shi ya taimaka aka buga littafin ɗan Kwaminis. Editocin da abin ya shafa sun dage cewa ba su san tushen kuɗin ba, kuma ba wanda ya taɓa ce musu su sa wannan ko su cire wancan. Ni na yarda da su. Amma a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai ba da tallafi mai wayo ba ya gyara wa edita shafi. Abin da yake yi shi ne zaɓen wace mujalla ce za ta rayu. Wadda ya ba kuɗi za ta fito a kan kari, da takarda mai kyau, ta biya marubuta, ta isa Accra da Nairobi da Landan. Wadda bai ba ba za ta fito sau biyu ta mutu. Bayan shekara ashirin masu rubuta tarihin adabi za su zo su tarar da wadda ta rayu, su ce wannan ita ce muryar zamanin.

Da asiri ya tonu, kowa ya ɗanɗana kuɗarsa. Hiwar ta rufe a 1967. Editan Transition, Rajat Neogy, ya sha zargi, a 1968 kuma gwamnatin Milton Obote ta Uganda ta kama shi bisa tuhumar tunzura jama'a, maganar kuɗin waje ta zama sandar dukansa. Mujallar ba ta sake fitowa ba sai a Accra a 1971.

Akwai wata hanyar da wata mace ta bi tun shekara arba'in da biyar kafin Black Orpheus, wadda nake ganin ta fi kowace hikima. Harriet Monroe ta so kafa mujallar waƙa zalla a Shikago, ta kuma san sarai cewa ba za ta ci da kanta ba. Maimakon ta nemi attajiri ɗaya, sai ta bi masu hali na birnin ɗaya bayan ɗaya, ta nemi mutum ɗari kowa ya yi alkawarin dala 50 a shekara har shekara biyar. Ta samu, har da 'yan ƙari. A watan Oktoba na 1912 mujallar Poetry ta fito, tana biyan mawaƙa kuɗin rubutunsu, kuma har yau ba ta daina fitowa ba. Dabarar a bayyane take: wanda ya ba da kashi ɗaya cikin ɗari ba shi da bakin cewa a buga waƙar ɗiyarsa, in kuma ya yi fushi ya janye, rumfar ba za ta faɗi ba. Alkawarin shekara biyar kuma ya ba edita damar yin kuskure ba tare da fargabar wata mai zuwa ba. Kusan adashi ne, sai dai mai kwasa kullum mutum ɗaya ce.

Duk da haka Poetry ta yi ta rayuwar hannu baka hannu ƙwarya kusan shekara casa'in. Sai a 2002 aka sanar cewa Ruth Lilly, magajiyar dukiyar wani kamfanin magunguna, ta ba ta kyautar da ta haura dala miliyan 100. Abin dariyar shi ne matar ta sha aika wa mujallar waƙoƙinta ana mayar mata, sai dai edita kan haɗa da 'yar wasiƙa ta mutunci da hannunsa. Kuɗin ya kawo ƙarshen talauci, ya kuma buɗe sabuwar rigima: aka kafa gidauniya, aka gina katafaren ofis, mawaƙa suka shiga tambayar ko mujallar da ta mallaki irin wannan dukiya tana nan a matsayin ƙaramar mujalla.

Wasu kuma kansu suka mayar ubangida. A Ingila, marubutan nan Leonard da Virginia Woolf sun sayi ɗan injin buga littafi na hannu a 1917 suka girke shi a kan teburin cin abinci, Virginia tana jera baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya da yatsunta. Lawrence Ferlinghetti a San Francisco kantin littattafai ya fara buɗewa a 1953, City Lights, cinikin littattafan wasu ya riƙa ɗaukar nauyin jerin 'yan ƙananan diwanan da ya soma bugawa a 1955. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A duk waɗannan akwai wani tallafi da ba ya shiga littafin lissafi, wato gumin edita. Shi ne mai karanta tulin rubutu da dare bayan ya taso daga aikin da ke ciyar da shi, shi ne mai gyara, shi ne mai zaman jiran mai injin, shi ne mai ɗaukar kwali zuwa tasha. Da za a biya shi ko da albashin masinja, da yawancin mujallun nan ba su kai fitowa ta uku ba.

Aikin da ya fi cin rai kuwa ba na kuɗi ba ne, na cewa a'a ne. Mujalla ba ta da wata kadara da ta wuce zaɓinta. Mai karatu yana sayenta ne don ya yarda cewa wani mai kunne ya tace masa, ya zubar da tsaki ya bar gari. Ranar da edita ya buga waƙar abokinsa don kunya, ko ta wanda ya ba da gudummawa, ya fara cin jarinsa. Matsalar ita ce duniyar waƙa ƙarama ce. Wanda ka mayar wa rubutu yau shi za ka tarar a kujerar alƙalin gasa gobe, ko ku haɗu a wajen ɗaurin aure. Kuma zaɓin mutum ɗaya, komai kyansa, yana da iyaka. An soki Beier da cewa ɗanɗanonsa ya mamaye mujallar, yana fifita abin da shi Bature yake gani a matsayin "na Afirka tsantsa". Da Clark da Abiola Irele suka karɓi ragamar a 1968 sun fito fili sun nuna za su canja alƙibla. Duka ɓangarorin suna da gaskiya: ba don kaifin ra'ayin mutum ɗaya ba da mujallar ba ta yi fuska ba, kuma wannan kaifin ne ya rufe wa wasu ƙofa.

Sai kuma abin da ke biyo bayan nasara, wanda ya fi asara ciwo. Ƙaramar maɗaba'a ita ke gano mawaƙi tun ba wanda ya san shi, ta buga shi a kan asara. Da sunansa ya fito, babban kamfani mai rassa a ƙasashe ya miƙo hannu, kuma ba mai zargin mawaƙin don ya tafi. Heinemann ta buɗe jerin littattafan marubutan Afirka a 1962, cikin shekara goma La Guma da Brutus da Peters da tarin waƙoƙin Okigbo duk sun koma can, inda suka shiga manhajar makarantu, inda kuɗin yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai son yin irin wannan aiki da Hausa zai tarar da duk waɗannan, da ƙarin wani abu. Rubutacciyar waƙar Hausa ba a yi ta don ido kaɗai ba. Tun zamanin masu jihadi ana rubuta ta da ajami ne don a rera, a haddace, ta bi bakin almajirai da makafi ta shiga gari. Daga baya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939, ta ba ta shafi, kamfanonin Zariya suka buga diwanai don makarantu, rediyo da kaset suka kai ta inda takarda ba ta zuwa. Yau mawaƙi yana rera baitocinsa a waya ya tura ta WhatsApp, kafin magariba sun isa Damagaram da Kumasi, bai biya mai injin ko sisi ba. Mai mujalla ba zai iya tsere da wannan ba, kuma bai kamata ya gwada ba. Abin da ya rage masa shi ne abin da waya ba ta yi: tacewa, da daidaita rubutu, da adanawa ta yadda bayan shekara talatin za a san wa ya yi waƙar, yaushe, kuma da wane lafazi. Ko wannan ma yana da nasa ƙananan tarkuna. Mai tsara shafi ya canja salon baƙaƙe, sai duk ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma akwatuna, ko lanƙwasarsu ta ɓace, ƙafa ta koma kafa a tsakiyar baiti.

Ubangidan da aka fi sani a nan shi ne bikin ƙaddamarwa: a tara manya a zaure, babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗin da ya fi na buga littafin duka. Yana fitar da marubuci kunya, in alkawuran sun cika, don ba duka ke cika ba. Amma dabara ce ta littafi ɗaya. Ba za ka tara mutane su ƙaddamar maka da mujalla sau huɗu a shekara ba, kuma diwanin da aka tsara shi da tunanin wanda zai zauna a babban teburi ya riga ya san irin baitocin da ba za su shiga ba. Injinan zamani masu buga kwafi ashirin ko hamsin a lokaci guda sun rage matsalar kwalaye a ƙarƙashin gado, ko da yake kowane kwafi ya fi tsada. Ba su taɓa matsalar mai saye ba.

Black Orpheus ba tonon asirin CIA kaɗai ya durƙusar da ita ba. A 1966 Beier ya bar Nijeriya, ya nufi Papua New Guinea, bayan ya shafe kusan shekara goma yana ɗauke da mujallar a kafaɗarsa. Okigbo ya koma Gabas, shi da Achebe suka kafa tasu 'yar maɗaba'ar a Enugu mai suna Citadel Press, amma yaƙin basasa ya riske ta tun ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Okigbo ya shiga sojan Biyafara, aka kashe shi a fagen daga kusa da Nsukka a 1967. Mbari ta watse. Clark da Irele sun ci gaba da fitar da mujallar daga Legas, amma tazarar da ke tsakanin fitowa da fitowa ta riƙa tsawo, har ta kai mai karatu bai san ko ya ci gaba da jira ba. Achebe kuwa, da yaƙi ya ƙare, bai ɗauki dogon lokaci ba: a 1971 ya kafa wata sabuwar ƙaramar mujalla, Okike, ya koma neman wanda zai biya kuɗin takarda.